Ranar da Na Ɗaga Gatari a Kasuwar Shinkafi

Iyayena, dattawan ikkilisiya, 'yan'uwa maza da mata, na kawo muku gaisuwa cikin sunan Yesu Almasihu. Saboda shi ne yau nake tsaye a gabanku, ba a gidan yari ba, ba kuma a kabari ba.

Sunana Ayuba. Yawancinku kun san ni da gatari a kafaɗa. Faskare ne sana'ata, a nan Kaura Namoda nake yinsa tun ina saurayi. Gidajen burodi, masu tuwo, gidan da za a yi biki, duk wanda aka sauke wa gungumen da ya fi ƙarfin gatarin gida, ni ake aika wa. Wana Markus ne ya koya mini. Shi ya nuna mini ba ƙarfi kaɗai ke fasa gungume ba. Sai ka juya shi, ka nemi inda ya fara tsagewa da kansa, ka kafa guntun ƙarfe a wurin, ka bi shi da guduma har ya buɗe baki, sannan gatari ya samu hanya. Marke in ya bushe yakan ba da kai. Ƙirya kuwa, in ta zo da ƙulli, sai ka yini a kanta.

Wata safiya, bayan an kwashe gero amma dawa tana tsaye, muka bi mota zuwa dajin da ke gefen Moriki don ɗauko gumagumai. Mu uku ne, ni da Markus da direba. Mun gama lodi muna ɗaure igiya, sai muka ji ƙarar babura. Direba ya diro ya faɗa cikin dawa da makulli a aljihunsa. Mu ba mu samu wannan damar ba.

'Yan bindiga ne. Suka sa muka kwanta rub da ciki, suka ce mu ba da makullin mota. Muka ce ba ya wurinmu. Suka ce to mu tashi mu shiga gaba, daji za a tafi da mu. Markus ya ɗago kai ya ce, “Ku yi wa Allah ku bar ƙanena, ku tafi da ni.”

Ni ma na buɗe baki zan yi magana, sai ɗayansu ya buga mini gindin bindiga a goshi. Na faɗi, jini ya rufe mini ido ɗaya. Da ɗayan idon na ga sauran abin da ya faru.

Wani dogo a cikinsu ya ce wa Markus, “Kai ne za ka tsara mana wanda za mu ɗauka?” Ya sunkuya ya ɗauki gatarin Markus da ke jingine da tayar mota. Na ga hannunsa na dama a kan ƙota, yatsu uku kawai gare shi. Wani ya miƙa masa bindiga, ya ce a bar harsashi, ba sai an ɓata shi ba. Sara biyu ya yi wa wana, ɗaya a kafaɗa, ɗaya a wuya. Markus bai ko yi ihu ba. Ƙafafunsa kawai na ga suna ture ƙasa, har suka daina.

Ni suka shure ni, ban motsa ba, suka ɗauka na mutu. Suka hau baburansu suka tafi.

'Yan'uwa, goshina ya warke cikin 'yan makonni. Abin da ke cikin ƙirjina kuwa ruɓewa ya yi ta yi.

Na koma aiki, amma ba irin na da ba. Na daina neman tsaga, na daina kafa ƙarfe. Duk gungumen da aka ajiye mini, kan mutumin nan nake gani, in yi ta sara ba ji ba gani har tafin hannuna ya fashe. Na fara shan ƙwaya don kada in gaji. Kowace safiya sai na zauna ina wasa gatari a kan dutse, ko da bakinsa bai dakushe ba. Na daina zuwa sujada. Fasto ya zo gidana sau uku, na uku na ce masa in ya sake kira mini sunan gafara zan manta shi fasto ne.

Akuyar maƙwabcina ta shigo ta ci mana dussa, na sare ta a tsakar gida, 'ya'yana suna kallo.

Akwai abin da ya fi wannan muni, kuma sai na faɗa. Matata Rifkatu ta ga inda na dosa, ta ɗauke gatarin ta ɓoye a bayan rumbu. Na tambaye ta, ta ce ba za ta ba ni ba sai na je na ga dattawa. Na mare ta. Ta faɗa kan dutsen murhu, haƙorinta na gaba ya karye. Na tsallake ta tana zubar da jini, na je na ɗauko gatarina na fita. Matar da ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Ni na yi wannan, ba 'yan bindiga ba.

Ana haka sai aka ce an yi sulhu da mutanen daji. Suka fara shigowa kasuwanni da rana tsaka, suna saye da sayarwa kamar kowa.

Ina da abokin aiki, dattijo ne musulmi daga garin Ɗan Isa, muna ce masa Baba Sale. Wata rana ya ce mini an sauke wa wata mai tuwo, Inna Hajo, gumaguman ƙirya a kasuwar Shinkafi, aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Muka tafi tare ranar kasuwa. Muka kama aiki a bayan rumfarta, kusa da inda tukwanenta suke kan wuta. Kasuwa ta cika maƙil. Mata masu tallar nono da fura sun jeru a inuwa, wasu da goyo.

Wajen azahar na tsaya in share gumi, sai na ji wata murya tana cewa, “Inna, ƙaro miya.”

Jikina ya gane muryar kafin kaina ya gane. Na juya. Yana zaune a kan benci, ya ba ni baya, da wasu mutum biyu a gefensa. Ya kai hannu cikin kwano, ya yanko tuwo da yatsun nan nasa uku.

Tsakanina da shi bai wuce taku bakwai ba.

Baba Sale ya ga na ƙame. Ya ce, “Ayuba, lahiya? Mi ya same ka?”

Na ce, “Ga wanda ya kashe Markus.”

Ya dubi bencin, ya dube ni, ya ajiye gudumarsa a hankali. Ya ce, “Ka tabbata?”

Na ce, “Dubi hannunsa.”

Ya matso ya riƙe mini hannun riga, ya rage murya. Ya ce, “Ji nan, ɗana. Ba su ukun nan kaɗai sunka shigo ba, kasuwar cike take da su, kuma ba hannu sake sunka zo ba. In ka taɓa shi, kamin la'asar ba sauran mai rai a layin nan. Dubi matan can da ɗiyansu.”

Na ji abin da ya faɗa, kuma na san gaskiya ne. Wallahi ban damu ba. Na fizge hannuna, rigar ta yage a hannunsa.

Na fara takawa. Ban ji hayaniyar kasuwa ba, sai bugun jini a kunnena. Na tsaya a bayansa. Ina ganin ƙeyarsa, da gumi yana gangarowa cikin wuyan rigarsa. Na auna wurin kamar yadda nake auna icce. Na gyara tsayuwa, na ɗaga gatari da hannu biyu har bayan kaina.

Wata da watanni ban yi addu'a ba. Ban kuma yi niyyar yi ba a lokacin. Amma a tsaye a wurin, gatari a sama, na ji bakina yana motsi. Na ce, “Yesu, ni ba zan iya tsayawa ba. In kana nan, ka tsayar da ni.”

Iyakar addu'ar ke nan. Ba ta da kyau, ba ta da tsawo.

Ban ga haske ba, ban ji murya daga sama ba, kada in ƙara abin da bai faru ba. Abin da na sani shi ne, hannuwana sun riga sun taho da saran, ba mai iya mai da shi, amma ƙuguna ya juya kamar an kama ni an karkatar. Akwai wani kututturen ƙirya a gefen bencin da Inna Hajo take ɗora kwanuka. A kansa gatarin ya sauka. Da irin ƙarfin da na zo da shi, ƙotar ta karye gida biyu, bakin gatarin ya yi tsalle ya dawo ya shige mini ƙwauri.

Kwanuka suka watse. Mutanen uku suka miƙe zumbur, kowa hannunsa a cikin riga. Na faɗi zaune, jini yana tsartuwa daga ƙafata, ina ganin farin ƙashi.

Baba Sale ne ya faɗo tsakaninmu da hannuwa a sama. Ya ce, “Ku yi haƙuri, bayin Allah, ƙota ta karye. Aiki mukai. Icce ne ya ƙi.”

Inna Hajo ta gane abin da ake ciki. Ta taso da muciya tana zazzaga mini faɗa, wai wane irin mahaukaci ne zai zo faskare a kan masu cin abinci, ta fasa ba ni aikin, in tashi in bar mata rumfa. Tana faɗan tana shiga tsakani, har ta tare ni da jikinta.

Dogon ya leƙo ta kafaɗarta ya dube ni ido cikin ido. Na jira ya gane ni. Bai gane ni ba. Ya kashe wana a gabana, amma fuskata ba ta ce masa komai ba. Ya zare hannu daga riga, ya yi 'yar dariya, ya ce, “Mai faskare, ka riƙa kula da gatarinka.” Ya wanke hannu, suka shige cikin kasuwa.

Baba Sale ya kwance rawaninsa ya ɗaure mini ƙafa tamau, jini ya rine shi nan take. Aka ɗora ni a amalanke zuwa wurin masu ɗinkin rauni. A kan hanya na fashe da kuka. Tun ranar da aka binne Markus ban zubar da hawaye ba sai a kan amalanken nan, mutane suna kallo, suna tsammanin zafin ciwo ne. Muna wucewa ina ganin matan nan masu nono suna ta cinikinsu, ba su san abin da ya tsallake su ba.

Na yi wata biyu a kwance. Rifkatu ce take wanke mini ciwon safe da yamma. Duk lokacin da ta buɗe baki za ta yi mini sannu sai in ga gurbin haƙorin nan. Wata rana na kasa jurewa, na kama hannunta na ce, “Maman yara, na zalunce ki. Ki yafe mini.” Ta ce ta daɗe da yafewa, amma tsoro bai bar ta ba tukuna, sai ta ga hali. Ta yi gaskiya. Na aika aka kira fasto da dattawa, na faɗa musu komai, har ƙwayar da nake sha. Suka ɗora mini hannu suka yi addu'a. Barin ƙwayar ya ba ni wuya ƙwarai, jikina ya yi ta rawa kwana da kwanaki, amma Ubangiji ya fitar da ni.

Da na fara takawa da sanda, na san akwai wadda dole in gaya wa. Na je gidan Markus wurin matarsa, Saratu. Na same ta tana tankaɗe. Na zauna a ƙasa na ba ta labari tun daga farko.

Ta ajiye rariya. Ta ce, “Ka gan shi da idonka?”

Na ce, “Na gan shi, Yaya.”

Ta ce, “Da gatari a hannunka?”

Na ce, “E.”

Ta ce, “Kuma ka bar shi ya tafi.”

Ta tashi ta shige ɗaki ta saki labule. Na daɗe a zaune, ba ta fito ba. Bayan wannan, ko a hanya muka haɗu sai ta kau da kai. Ban ga laifinta ba. Mutumin nan har yau ban ji an kama shi ba, ban san ko yana raye ba. Ni ma ba zan tsaya a nan in ce muku na gama gafarta masa ba. Kowace safiya sai na sake miƙa shi ga Allah, wata rana da sauƙi, wata rana da kyar.

Makon jiya ina tsakar gida ina sa wa gatari sabuwar ƙota, sai na ji sallama. Saratu ce. Ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta shigo ba. Ta ce, “Da ka kashe shi, da su ma sun kashe ka, da yaran nan ba su da kowa.” Ta goge ido da gefen mayafi. Sannan ta ce, “Iccena ya ƙare. Akwai gungume a bayan gida tun wanda Markus ya kawo, ba wanda ya taɓa shi.”

Washegari na je na fasa mata shi. Tana nan zaune a cikinku yau, kusa da Rifkatu.

Na gode wa Yesu da ya karkatar da hannuna. Na gode masa don Baba Sale da Inna Hajo, waɗanda suka sa jikinsu tsakanina da mutuwa. Na san a cikin ɗakin nan ba ni kaɗai aka kashe wa ɗan'uwa ba, wasunku nasu ya fi nawa zafi. In akwai mai wasa wani abu a zuciyarsa kamar yadda na yi, ina roƙonka kada ka jira sai ka iya addu'a mai kyau. Kira shi yadda kake, ko da hannunka ya riga ya tashi. Yana ji, kuma yana da saurin zuwa.

Yabo ya tabbata ga sunansa. Amin.