Ɗan Ga-ruwan da ke Jikin Bango

Mamaci na ɗansa ne ko na unguwarsa? Har yau ban sani ba. A wani ɗakin tarihin unguwa a Gyaɗi-Gyaɗi na ji wannan hirar, gaban wani tsohon hoto da ma'aikata ke neman sunan mai shi.

Wata dattijuwa ta tafa hannu, ta juya ga wani Alhaji da ke gefenta. "Lah! Maje ɗan ga-ruwa! Alhaji, rubuta musu, ban yi boko ba."

"Ban san shi ba, Hajiya. Nemi wani."

"Ga goshinku iri ɗaya!"

"Mahaifina ɗan kasuwa ne."

"To, wannan dai, ranar da na haihu rijiyoyi sun ƙafe, sawu bakwai ya yi ya cika randunana. Allah ya jiƙansa!"

Alhajin ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya zaro biro.

"Maje Gambo ne, Inna. Babana ne."