Eriyar Asibitin Bayan Tudu

A rumfar tasha, wani tsoho mai jiran mota ya daɗe yana kallon wata ma'aikaciya tana juya eriya a kan dogon ƙarfe, idonta a kan waya.

"'Yata, me wayar ke gaya miki?"

"Taswira ce, Baba. Ta ja min layi daga nan har asibitin bayan tudu. In eriyar ta kauce ko kaɗan, saƙo ba zai isa can ba."

"To, wa ke tsaye a can?"

"Ba kowa."

"Ikon Allah! Shekara talatin na yi a aikin nan. Ƙanena ke hawa tudu da madubi, ya hasko ni, in saita. Mu wuni muna zagin juna, ba mai jin wani."

Ta yi dariya. "Yana ina yanzu?"

"Bara ya rasu. Har yau in gilashin mota ya haska, sai na waiga."

"Allah ya ji ƙansa." Ta miƙa masa wayar. "Riƙe min, Baba. In kibiyar ta hau layi, ka gaya min."

Ya goge hannunsa a riga kafin ya karɓa.

"Yi dama kaɗan. Kaɗan na ce, 'yar nan!"