Ƙashin Aro

A ɗakin jiran likitan ƙashi a garin Trikala, Kirya Stamatiya, wato Uwargida Stamatiya a yaren garin, ta miƙe kumburarriyar ƙafarta ta tare hanya. Wani tsoho ya tsallake, ya zauna gefenta.

"Gwiwar ƙarfe ce, Kirya?"

"Ita ce. Sun ce za ta kai ni kabari, ga ta tana girgiɗi kamar tsohon haƙori. Ƙashin da ya riƙe ta ya zaizaye. Yau zan ba da amsa: ko su sa sabuwa su cike ramin da ƙashin wani mamaci, ko in koma keken guragu."

"Ki karɓa mana! Mai shi zai dawo neman kayansa ne?"

"Ji shi! Ranar da 'ya'yana za su tone ni daga kabari bisa al'adarmu, su wanke ƙasusuwana da ruwan inabi, su zuba a akwatin da ƙasusuwan mijina suke, sai in shigar masa da baƙo? Na tambayi likita ko mai ƙashin namiji ne, wai dariya na ba shi."

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Bara muka tone matata. Irin aikin nan aka yi mata."

"Ka ware na aron?"

"Na duba har idona ya yi ja. Ya haɗe da nata. Tare na wanke su."

Ta daɗe tana kallon hannuwansa.

"Ka wanke shi da kyau?"

"Kamar nata."

Aka kira sunanta.

"Kama ni in tashi," in ji ta.