Kawu Ya Ƙwace Mini Shafina

Salamu alaikum Malam mai gabatarwa. Ina gaishe ka da ƙawayena na Tanut da Belbeji. Ku daina dariya, na san kun san zancen.

Ni ce Zali mai lalle daga Ollelewa. Ina da kawu, Kawu Ilu, tsohon shampiyon na damben Turawa. Ya yi dambe a Yamai da Abijan, ya ciwo kambu, ya dawo da karyayyen hanci ya kama noma.

Rannan na tarar da shi yana naushin buhun gero a bakin rumbu. Na ɗauke shi bidiyo don wasa, na sa a shafina na intanet da nake tallar lalle. Malam, na daɗe ina sa hotunan hannuwan amare, ba mai kulawa. Kawu ya yi naushi, duniya ta taru. Yanzu in na sa hoton lalle sai a rubuto, "Kauce, ina Shampiyon?" Amare sun daina nemana.

Na ce, "Kawu, ka kashe mini kasuwa."

Ya ce, "'Yar nan, ni da hancina na sayi sunana. Gyara wayar, haske bai yi ba."

Har wani saurayi ɗan garin Falanko da na daɗe ina so ya kira ni. Na ɗauki wayar da murna, ashe lambar Kawu yake nema. Kawun ko waya ba shi da ita.

Ina son kawuna, amma wallahi abin na ci mini rai. In goge shi daga shafin ko in haƙura? Wadda tsoho ya taɓa yi wa haka, ta rubuto mu ji.