Azumi a Layin Eko

A bencin masu jiran eko, wato hoton ciki, a Dogon Dutsi, wata dattijuwa ta miƙa wa matashiyar da ke dafe da mara ruwan leda.

"Sha, ɗiyata."

"Azumi nake, Inna. Na ɗauka ne don Allah Ya sa ƙullutun da suke zato a ƙwan haihuwata ba mugu ba ne."

"Ayya! In mara ba ta cika da fitsari ba, injin ba ya ganin komi. Korarki za su yi."

"Tsoro nake ji, kada in rasa haihuwa."

"Nawa da aka ciro ya kai lemo. Bayansa na haifi huɗu, duk acici. Azumin ki rama ran Alhamis. Addu'ar yau kuwa, bar mini ita."

Matashiyar ta share ido, ta ciji ledar.