Tashar Baba Mode

Mai girma shugaban taro, Alhaji Habibullahi, mai girma hakimi, malamanmu, iyayenmu mata da ke bayan rumfa, matasa masu jiran a gama a raba lemo, assalamu alaikum.

Na gode da anka ba ni dama, ni Lawwali, in yi magana kafin a yanke shawarar rushe tashar jirginmu a gina shaguna.

Da farko, tarihi. Baƙinmu na garin Rara suna dariya, suna tambaya wane jirgi? Gaskiyarku. Shekara arba'in da 'yan kai da sunka wuce, wasu ma'aikata sunka zo sunka kafa turaku bayan gari. Duk garin nan mutum guda ya taɓa ganin jirgin ƙasa, Baba Mode, da ya yi dako a Ƙauran Namoda. Ya dubi turakun yac ce, "Wanga aikin reluwe na." Ba wanda ya tambayi ma'aikatan, don tambaya raini ce ga babba. Munka yi gayya, munka gina tasha da laka, har da tagar sayar da tikiti. Mahaifina ya sayar da jakinai, wai albasa ta daina hawan jaki. Ashe turakun na hanyar ruwan noman rani ne, ita ma ta bi wani wuri.

Na biyu, amfaninta. Tashar ga ba ta taɓa makara ba, ba ta taɓa haɗari ba. Ta ajiye muna albasa, ta ɓoye awakinmu daga ruwan sama.

Na uku, kuma nan dariyata ta ƙare. Kullum da safe Baba Mode yana share ta, da sanda a hannu guda. Jiya nac ce mai, "Baba, mi kake jira har yanzu?" Yac ce, "Ɗana, na daɗe da sanin ba ya zuwa. Ni na sa mutane aikin banza, ban iya barinta da datti. In na cika, ku yi min salla a bakinta."

Wallahi na ji kunya. Jama'a, mai haƙuri yakan dafa dutse. Shaguna su jira. Fasinja guda ya rage muna, ku bari shi tashi daga tasharshi.

Allah shi ba mu damina mai albarka, shi mai da kowa gida lafiya, shi sa mu cika da imani. Na gode.