Na Taka Ƙasan Ramin da Aka Ce Ba Shi da Ƙasa

Malam mai karanta mana wasiƙu, barka da aiki. Ni ce Maryamu, daga wani ƙauyen kan dutse kusa da Mayo-Ulo.

Bayan gonarmu akwai kwazazzabon da kakanninmu suka ce ba shi da ƙasa. Dabbar da ta faɗa, an yafe ta ke nan. Fastonmu, mutumin Bamenda, ya ce Turawan Ingila suna kiran irin wannan rami "abis", kalmar Helenanci mai nufin marar ƙasa, har suna kwatanta baƙin ciki mai zurfi da ita.

To, ran kasuwa akuyata mai ciki ta zame ta faɗa. Ita kaɗai gare ni tun rasuwar maigidana. Da na ji kukanta na ce wa ƙanena, "Yakubu, abin da ke kuka ai a kan wani abu yake tsaye." Muka ƙulla igiyoyin guga, maza suka riƙe, na sauka. Na tarar da ita kan yashi, tana ɗingishi tana cin ganye. Na ɗaure ta da igiya, maza suka jawo mu sama ɗaya bayan ɗaya.

Jiya ta haifi biyu. Ku gaishe mini da Fasto, ku gaya masa namu ramin yana da ƙasa. Da ƙafata na taka ta.